Yadda Muka Karɓo Ɗan Yayata Daga Gidan Yara na Gwamnati

Mafi yawanmu mutanen karkara ba mu san inda ake kai yaro ba idan hukuma ta tsince shi a birni babu wani babba mai cikakken hankali tare da shi, balle mu san hanyar da dangi za su bi su karɓo shi. A lokacin da abin ya faɗo gidanmu ba mu sami wanda zai jera mana matakan tun daga farko har ƙarshe ba, domin kowane ofishi nasa ɓangaren kawai yake faɗa maka, sauran kuma sai ka je gaba ka ji. Wannan ne ya sa na ga ya dace in rubuta yadda al'amarin ya gudana bi da bi, ko Allah zai sa wani ya huta da wahalar da muka sha. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Ringim a Jihar Jigawa, yaron da ake magana a kansa kuwa ɗan yayata ne, kuma a lokacin bai cika shekara 4 ba.

Yayata ta daɗe tana fama da larurar taɓin hankali mai tashi lokaci zuwa lokaci, kuma bayan aurenta ya mutu sai ta dawo gida wajen Inna tare da ɗan nata. Wata ranar kasuwa, bayan an gama girbi, ta ɗauki yaron ta fita, kowa ya ɗauka maƙwabta ta shiga, sai da aka yi sallar magariba aka tabbatar ba ta cikin gari. A daren muka sanar da mai unguwa da dagaci, aka yi shela a masallatai, washegari kuma na tafi caji ofis na ƙaramar hukumarmu da hotonta da na yaron. An rubuta bayanina a babban littafin da suke shigar da rahotanni, ni kuma na roƙi a ba ni wata shaida a rubuce mai ɗauke da ranar da na kai rahoton. Wannan 'yar takarda ita ce daga baya ta nuna wa kowane ofishi cewa dangi sun fara nema tun kafin su san inda yaron yake, don haka duk wanda ya kai rahoton ɓata kada ya bar caji ofis hannu rabbana.

Daga nan muka ba da cigiya a gidajen rediyo na Dutse da na Kano, aka karɓi kuɗin sanarwa aka ba mu rasit. Amma inda labari ya fito shi ne tasha. Motocin yankinmu a tashar Yankaba suke sauke fasinja a Kano, sai na bi 'yan kamasho ɗaya bayan ɗaya ina nuna musu hoto a waya, har Allah ya haɗa ni da wani dattijo wanda ya tuna wata mata da ta kwana a bakin tasha da yaro tana ta surutai, ya ce masu shayi ne suka kira 'yan sanda da suka ga yaron yana neman shiga titi. A ofishin 'yan sandan da ya kwatanta mini na yi zaman jira mai tsawo kafin wanda ya yi aikin ranar ya shigo, amma da ya buɗe littafi sai ga bayanin a rubuce: an kai uwar asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, an miƙa yaron ga jami'an jin daɗin jama'a, su kuma sun kai shi gidan yara na gwamnati. Na fito ina hamdala, ina kuma lissafin cewa da la'asar zan ɗauko shi mu kama hanyar gida.

A nan ya kamata in tsaya in bambance wani abu da ke rikita mutane, domin da na buga waya gida na ce yaro yana gidan yara, sai Inna ta fashe da kuka tana cewa an kulle mata jika. Gidajen ba iri ɗaya ba ne. A Kano akwai gidan yara na Nassarawa, inda ake rainon marayu da jariran da aka tsinta da yaran da suka ɓace, akwai Torrey Home a Tudun Maliki na yara masu larura ta musamman, sannan akwai gidan da ke Goron Dutse inda ake ajiye yaran da ake tuhuma da laifi. Dukkansu suna ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da harkokin mata da yara ta jiha. Yaron da aka tsinta ba laifi ya yi ba, kuma ajiye shi a can ba hukunci ba ne a kan danginsa. Amana ce hukuma ta riƙe har mai ita ya zo da hujja.

Da na isa gidan, mai gadi ya sa na rubuta sunana da garinmu da abin da ya kawo ni a littafin baƙi, sannan aka shigar da ni ofishin wata jami'a mai manyan shekaru. Ba ta bari na ga yaron ba tukuna. Ta jawo fayil ta rufe shi da hannunta, ta ce, "Malam, kafin komai, kwatanta mini shi." Na faɗi shekarunsa da launin fatarsa, ta ce wannan kowa zai iya faɗa, in kawo abin da sai na gida ne zai sani. Sai na tuna tabon ƙuna da ke bayan hannunsa na hagu, wanda ya samu da ya taɓa murfin tukunya yana rarrafe, da kuma laya mai jar fata da Inna ta ɗaura masa a wuya. Ta buɗe fayil ɗin ta duba, ta jawo aljihun tebur ta fito da wata 'yar ambulan, sai ga layar a ciki an rubuta ranar da aka kawo shi a bayan ambulan ɗin. A fayil ɗin wani suna dabam aka rubuta masa, domin da aka tambaye shi sunansa laƙabin da muke kiransa da shi kawai ya iya faɗa, garinsu kuma ya ce "gidan Inna".

Da aka fito da shi yana riƙe da zanen wata mai raino, an yi masa aski, an sa masa rigar da ban sani ba. Na kira shi da laƙabinsa, ya dube ni ya ce "Kawu", amma bai sake zanen matar ba, ni kuma na kasa cewa komai. Jami'ar ta rubuta abin da ta gani, sannan ta gaya mini a fili cewa ita ba ta da ikon sallamar yaro ko da ta gamsu, sai da izinin ma'aikata a rubuce. Raina ya ɓaci ƙwarai a lokacin, domin ina ganin jinina a gabana ana ce mini sai takarda. Ta ce in tuna da abin da ya faru a shekarar 2019, lokacin da 'yan sanda suka ceto yara 9 da aka sace daga Kano aka sayar a Onitsha ta Jihar Anambra, har an canza musu suna. Ta ce tun da akwai masu satar yara, dole duk wanda ya zo da da'awar yaro a bincike shi, ko da yaron ya ruga ya rungume shi. Na yi shiru, domin da wani ne ya zo ya ce ɗan yayata nasa ne, irin wannan taurin nake so ta yi masa.

A ma'aikata, wani jami'i ya zaunar da ni ya faɗa mini abin da za mu kawo, na rubuta a bayan katin gayyatar biki da ke aljihuna. Ana buƙatar takardar dagaci da sa hannun hakimi mai tabbatar da cewa mu mutanen garin ne kuma yaron namu ne, da takardar haihuwar yaron, da shaidar rahoton 'yan sanda, da takardar likita kan halin da uwar take ciki, da katin shaidar ɗan ƙasa da hotunan fasfo na wanda zai riƙe yaron da na mutum biyu da za su tsaya masa. Sannan ya yi tambayar da ta zama ƙashin bayan komai: ina uban yaron, kuma ya san abin da ake ciki? Ya ƙara da cewa tun da mu mutanen Jigawa ne, jami'an Kano ba za su zo duba gidanmu da kansu ba, za su rubuta wa ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarmu ya duba ya aiko da rahoto. Ga wanda ya saba ganin Kano da Jigawa uwa ɗaya uba ɗaya wannan abin mamaki ne, amma tun 1991 da aka raba jihohin kowacce da ma'aikatarta, kuma kowacce da dokarta ta kare yara: Jigawa ta sa hannu a tata a 2021, Kano a 2023.

Takardar dagaci ba ta ba mu wahala ba. Na je na faɗi na yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, an ga yaron, amma sai da takardarka," ya sa magatakardansa ya rubuta nan take, aka buga hatimi, aka haɗa ni da wanda ya raka ni fadar hakimi. Takardar haihuwa ce ba mu da ita, domin a gida aka haifi yaron kuma ba a taɓa yi masa rajista ba. Abin da ya cece mu shi ne katin rigakafinsa, wanda Inna ta adana a cikin kwalla tare da kayan ɗakinta, mai ɗauke da sunansa da na uwarsa da ranar haihuwa. Da shi na je wajen jami'in Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da ke sakatariyar ƙaramar hukuma, wadda ita ce doka ta ɗora wa rajistar haihuwa, aka yi masa rajista ba a karɓi ko kwabo ba, sai dai na jira kafin takardar ta fito. Takardar likita kuma na same ta a Dawanau ranar da na je duba yayata, likitan ya rubuta cewa tana karɓar magani kuma a halin yanzu ba za ta iya kula da yaro ba.

Maganar uba ita ce ta fi cin lokaci. Yana ci-rani a Legas, kuma da labari ya kai gare shi sai danginsa suka taso suka ce tun da uwa ta kasa, su za a ba ɗansu, har wansa ya tafi ma'aikata da kansa ya shigar da tasu da'awar. Da ɓangare biyu suka bayyana, ma'aikata ta ce ba za ta zaɓi ɗaya ba, mu je mu daidaita ko mu kawo hukuncin kotu. An fara zama a gaban dagaci da limamin gari, ba a cimma matsaya ba, sai muka shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci ta yankinmu, aka biya kuɗin shigar da ƙara da na sammaci. Ranar zama, alƙali ya tambayi Inna ko tana da ƙarfin rainon yaro, ta ce, "Allah ya gafarta malam, tun da aka yaye shi a ɗakina yake kwana." Ya bayyana wa kowa abin da ke cikin littafin Risala da sauran littattafan mazhabar Malikiyya, cewa haƙƙin raino na uwa ne, idan ta sami uzuri kamar gushewar hankali sai ya koma ga kakar yaro ta wajen uwa, bayanta kuma 'yar'uwar uwa, kafin a zo kan dangin uba, amma uba shi ne waliyyi, ciyarwa da tufatarwa da karatu a wuyansa suke, kuma ba mai hana shi ko danginsa ganin ɗansu. Aka yanke abin da zai riƙa aikowa duk wata, shi ma ya amince ta waya a gaban kotu. Abin lura a nan shi ne hukuncin da sunan Inna ya fito, ba da sunana ba, duk da ni nake ta zirga-zirga, saboda haka duk sauran takardu ita suka shafa, kuma dole ta je Kano da ƙafarta.

Ana cikin haka ban daina zuwa wajen yaron ba, kuma ina ganin wannan shi ne abu mafi amfani da muka yi. An faɗa mini ranaku da lokutan ziyara, aka ce in riƙa sa hannu a littafi duk zuwa, kuma in nuna wa ma'aikata duk abincin da na kawo kafin a ba shi. Nakan kai garin kunu da ƙuli-ƙuli daga wajen Inna, wani lokacin da sabulu da omo na gidan baki ɗaya, ba don an ce in kawo ba, sai don yaran suna da yawa kuma masu rainon ba su kai yawan da ya kamata ba a ganina. A barandar ɗakinsu akwai jerin 'yan silifa ƙanana, kowanne an ɗaura masa zare mai launi dabam don a gane na wane ne, kuma da zarar baƙo ya shigo sai yara su yanyame shi, wanda bai san ka ba ma ya ɗaga hannu a ɗauke shi. Nakan kira Inna a waya in kara masa a kunne, da farko sai ya yi shiru yana saurare, daga baya ya fara ba ta labarin abokansa. Wata mai raino ta gaya mini cewa akwai yaran da an san danginsu sarai, amma tun da aka kawo su ba wanda ya leƙo, wasu don kunyar a ce ɗansu yana gidan marayu, wasu don tsoron za a kama su ko a caje su kuɗi. Zumunta a ƙafa take, kuma yaro ƙarami ba ya daɗewa bai manta fuskar da ya daina gani ba.

Binciken gida ya zo bayan jira, domin wasiƙar sai da ta bi ta Dutse kafin ta iso ƙaramar hukuma, ni kuma na riƙa leƙawa ofishin ina tuni cikin ladabi. Jami'ar da ta zo ba dukiya ta zo nema ba. Ta duba ɗakin da yaron zai kwana, ta tambayi ko akwai gidan sauro, ta leƙa rumbu, ta ga rijiyar tsakar gida ba murfi ta ce a rufe ta kafin yaro ya dawo. Ta tambayi nisan makaranta da asibiti, ta keɓe da matan maƙwabta ta yi musu tambayoyi ba ma wajen, sannan ta yi tambayar da ta fi kowacce nauyi: idan aka sallamo uwar ta dawo gidan nan, wa zai tabbatar tana shan magani, kuma wa zai hana a maimaita abin da ya faru? Muka amsa cewa matata za ta riƙa ba ta maganin da hannunta, ni kuma zan riƙa kai ta ganin likita, aka rubuta haka a rahoton.

Ranar karɓa muka yi sammako da Inna da mutum biyun da suka tsaya mana, wato limaminmu da wani abokin aikina, har da wan uban yaron, wanda zuwansa ya yi mana daɗi. A ma'aikata aka duba takardu ɗaya bayan ɗaya, aka karanta wa Inna takardar alkawari da Hausa, cewa za ta kula da lafiyarsa da karatunsa, ba za ta miƙa shi ga wani ko ta tura shi wani gari ba tare da sanar da hukuma ba, kuma za ta bari jami'ai su zo duba shi. Ta dangwala yatsa, shaidu suka sa hannu, aka ba mu takardar izini muka kai gidan yara. A can aka ɗauke mu hoto tare da shi, aka ba mu layarsa da kayan da aka tsince shi da su da katin asibitin da ke nuna an yi masa maganin zazzaɓi sau ɗaya a zamansa. Ya yi kuka sosai da zai rabu da mai rainonsa, ita ma ta juya baya tana share ido, Inna ta riƙe hannunta ta ce, "'Yar nan, Allah ya saka miki da alheri, ya raya naki."

Game da kuɗi, gidan yara bai karɓi komai a hannunmu ba, na abinci ko na magani, haka ma ma'aikata. Abin da ya ci aljihu shi ne kuɗin mota tsakanin ƙauye da Kano da Dawanau, sai na cigiya, da na kotu, da hotuna da kwafin takardu, kuma sai da na sayar da buhun gero kafin a gama. A bakin wasu ofisoshi akwai masu tare mutum su ce sun san wani a ciki, a ba su wani abu su gaggauta fayil. Ban ga abin da suke iya yi wanda mai haƙuri ba zai yi da kansa ba, kuma duk kuɗin da ba a ba da rasit a kansa ba to ba na hukuma ba ne. Daga ranar ɓata zuwa ranar da ya kwana a gida an kusa wata uku, kuma fiye da rabin wannan lokaci saɓanin da ke tsakaninmu da dangin uba ne ya cinye shi. Da iyalai biyu sun je da baki ɗaya tun farko, da takardar yarjejeniya a gaban dagaci ta rage mana hanya mai yawa.

Ga wanda ke da mai irin wannan larura a gida, ko tsoho mai mantuwa da ke fita da jikoki, ba a fafe gora ranar tafiya. A yi wa kowane yaro takardar haihuwa tun yana jariri, a adana katin rigakafi, a riƙa ɗaukarsa hoto ko da sau ɗaya a shekara ranar sallah, kuma da ya fara magana a koya masa cikakken sunansa da na mahaifinsa da na garinsu. Kowace takarda aka samu a yi mata kwafi da yawa, a miƙa kwafin a riƙe ta asali, kuma a rubuta sunan ofishi da ranar da aka kai ta. Wanda kuma talauci ko rashin lafiya ya sa yake tunanin kai yaro wani gidan marayu mai zaman kansa, ya fara zuwa ofishin jin daɗin jama'a ya tabbatar gidan yana da rajista da gwamnatin jiha, ya sa a rubuta cewa ajiya ce ta wani lokaci da sharuɗɗan ziyara da na karɓa, kuma kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba.

Bayan ya dawo, yaron ya ɗauki lokaci kafin ya saki jiki. Yakan farka da dare yana kiran mai rainonsa, ya koma fitsarin kwance da ya riga ya daina, kuma idan aka zuba abinci sai ya rungume kwanonsa kamar za a ƙwace. Jami'ar da ta dawo duba shi ta ce kada a dake shi ko a yi masa dariya, kuma kada a riƙa ba da labarinsa a gabansa duk lokacin da 'yan barka suka shigo. Muka bi shawararta, abin ya lafa a hankali, yanzu yana zuwa ajin yara na makarantar da nake koyarwa. An sallamo yayata tana shan magani, kuma suna gida ɗaya da ɗanta, amma a takarda har yanzu Inna ce mai riƙo. Alƙali ya gaya mana cewa idan likita ya tabbatar a rubuce ta sami sauƙi mai ɗorewa, za mu iya komawa kotun da ta yi hukuncin a sake duba maganar, sannan mu kai kwafin abin da aka yanke ofishin jin daɗin jama'a domin su sa a fayil ɗinsa.